"WALLAHI DA IDONA NA GANI": SHIN WANNAN YA ISA HUJJA?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan uwa, akwai wata kalma da ta yi sauƙi a bakin matasa, wato "wallahi da idona na gani". Da zarar an faɗe ta sai kowa ya yi shiru, domin an ce gani ya kori ji. To amma a ra'ayinmu lokaci ya yi da za mu tsaya mu tambayi kanmu: shin abin da ido ya gani jiya shi ne zuciya take kawowa yau?

Masana ƙwaƙwalwa sun bayyana cewa tunawa ba kamar kaset take ba, wanda in ka mayar da shi baya zai faɗi abin da aka ɗauka daidai. Gutsattsari ƙwaƙwalwa take ajiyewa, in aka zo tunawa sai ta harhaɗa su, inda ta sami giɓi ta cike shi da abin da mutum ya ji a bakin wasu, ko abin da yake zato, ko wanda yake tsoro. Kamar ginin ƙasa ne da ake yi wa yaɓe kowace shekara, har a wayi gari mai gidan ma bai san ina ne tsohon gini ina ne sabo ba.

A shekarar 1974, wasu masana biyu a Amurka, Elizabeth Loftus da John Palmer, sun nuna wa ɗalibai hoton bidiyo na haɗarin mota. Wasu aka tambaye su gudun motocin lokacin da suka "ragargaje", wasu kuma lokacin da suka "bugi juna". Bayan mako guda aka tambaye su ko sun ga fasasshen gilashi. Cikin mutum 50 da aka yi wa tambaya da kalmar farko, 16 suka ce sun gani; cikin 50 na biyu kuwa 7 kacal. Alhali babu wani fasasshen gilashi a hoton! Kalma ɗaya ta sa mutane sun tuna abin da bai faru ba.

Kada wani ya ce ai wannan wasan ɗalibai ne. A jihar North Carolina an ɗaure wani bawan Allah mai suna Ronald Cotton a 1985 bisa laifin fyaɗe, domin matar da aka zalunta ta nuna shi a gaban kotu cikin cikakken yaƙini. Sai a 1995, bayan ya shafe shekara goma a kurkuku, gwajin ƙwayar halitta ya tabbatar wani ne ya aikata. Matar ba ƙarya ta shirya ba, iya abin da ta tuna ta faɗa. Nan haɗarin yake: mai kuskuren tunawa yana rantsuwa da zuciya ɗaya.

Magabata sun san wannan tun da daɗewa. Malaman hadisi ba su wadatu da cewa mai ruwaya mutumin kirki ne ba, sai sun binciki kiyayewarsa. Abdullahi ɗan Lahi'a, alƙalin Misra wanda ya rasu a shekara ta 174 bayan hijira, malami ne babba, amma da haddarsa ta rikice a ƙarshen rayuwarsa sai suka bambanta abin da aka karɓa daga gare shi da farko da na daga baya. Haka nan aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umurni ta yi da a rubuta bashi a kafa shaidu.

Saboda haka, ɗan uwa, in ka karɓi bashi ko ajiya, rubuta nan take. In ka halarci karatu, riƙe biro da takarda, kada gobe ka jingina wa malam maganar da bai yi ba. In rigima ta faru a gabanka, rubuta abin da ka gani kafin ka zauna a majalisa, domin bayan an tattauna ba za ka iya raba naka da na wasu ba. In kuwa aka kira ka shaida a kan mutuncin wani ko dukiyarsa, raba abin da ka gani da abin da aka gaya maka, kuma kada ka ji kunyar cewa "ban tabbata ba". Magana zarar bunu ce, kuma shaidarka tana iya raba mutum da iyalinsa shekara goma.

Allah Ya tsare harsunanmu daga zaluntar bayinSa. Wassalam.