Digiri Ba Ya Rubuta Wasiƙa

'Yan'uwa ɗalibai, ku ji daga bakin wanda ya riga ku fita. Da na gama bautar ƙasa na kama aiki a wani kamfani a Bompai, ina taƙama da digirina. Ran farko manaja ya ce in rubuta wasiƙar bin bashi. Na cika shafi uku, akawun da bai wuce sakandare ba ya mayar da ita layi biyar, yana murmushi.

Malamanmu, laifinku ne! Shekara huɗu kuna ba mu maki a kan tsawon amsa. Tun shekarun 1970 ake tura ɗaliban injiniya masana'antu koyon aiki kafin su gama. Mu 'yan sashen harsuna laifin me muka yi? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.