A ba yaro fangalinsa a garkar gari

Ɗan uwa manomi, in ka je gayya a garkar gari, kada ka bar yaro da jan guga kaɗai. Mai ɗibar ruwa kullum gajiya yake koyo.

Yanke masa fangali guda, nasa na kansa. Shi zai zuba taki, shi zai yafa irin albasar Galmi. Bayan kwana 45, nuna masa yadda ake cire dashe a dasa, tazarar tafin hannu. Ban ruwa da safe ko marece.

Wasu na cewa yaro zai ɓata iri. Zai ɓata mana! Amma cokali guda na iri nawa yake? In albasa ta ƙosa, shi zai kai kasuwa, kuɗin kuma nasa ne.