Jos: Hukuncin da jama'a ke yi wa wanda ya ƙi sunkuyar da kai ga mai cin zali

A unguwanni irin su Unguwar Rogo, Gangare, Nasarawa Gwong da Rikkos a ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, ba a buƙatar yi wa kowa bayanin su wane ne 'yan sara-suka. Matasa ne da ke yawo gungu-gungu da wuƙaƙe da adduna, suna ƙwacen waya, suna faɗan daba tsakaninsu, kuma sau da yawa an san gidajen iyayensu. Rundunar tsaro ta musamman da aka girke a Filato tun 2010, wadda a da aka sani da Operation Safe Haven, da 'yan sanda, sun sha kama su suna nuna wa manema labarai. Abin da ba a cika tattaunawa a kai ba shi ne yadda unguwa ke kallon mutumin da ya tsaya musu.

Idan suka tare matashi ya ƙi miƙa wayarsa har suka sare shi, tambayar farko da masu zuwa dubiya ke yi ita ce me ya hana shi ba su. Idan magidanci ya kai sunayensu ofishin 'yan sanda, kafin dare ya yi dattawa sun iso ƙofar gidansa da roƙon ya janye, domin yaran 'ya'yan maƙwabta ne, kuma ana tare. In ya dage, sunansa ya koma mai taurin kai, mai son tona asirin unguwa. Ba mugunta ce ke sa mutane yin haka ba, lissafi ne: sun sha ganin an bayar da belin wanda aka kama ya dawo gida, shi kuwa wanda ya kai ƙara ba shi da wani gidan da zai koma. Maƙwabcin da ya goyi bayansa a fili ya saka kansa a layi. Saboda haka sai a lulluɓe tsoro da rigar nasiha, a ce masa haƙuri maganin zaman duniya. Wanda aka sara shi ake yi wa wa'azin haƙuri. Mai addar ba a cika samun mai tunkararsa da ko kalma ɗaya ba.

A rubuce dai doka tana tare da wanda ya kare kansa. Sashe na 33 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya amince da amfani da ƙarfi gwargwadon buƙata domin kare rai ko dukiya, kuma dokar Penal Code da jihohin Arewa ke aiki da ita ta tanadi wannan haƙƙi. Rigimar tana cikin kalmar gwargwado, kuma shari'ar Sunday Jackson ta nuna zurfinta. Manomi ne daga ƙaramar hukumar Demsa a jihar Adamawa, wanda ya ce wani makiyayi ya far masa da wuƙa a gona, ya ƙwace wuƙar ya kashe shi da ita. Babbar kotu a Yola ta yanke masa hukuncin kisa a 2021, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da shi ranar 7 ga Maris 2025, bisa hujjar cewa tun da makamin ya bar hannun maharin, haɗarin ya kau, kamata ya yi ya tsere. Mai shari'a Helen Ogunwumiju ba ta amince da ra'ayin sauran alƙalan ba. Daga baya Gwamna Ahmadu Fintiri ya yi masa afuwa a Disamban 2025.

Hukuncin ya tayar da ƙura a Filato kamar a can aka yanke shi, kuma yadda aka karɓe shi ya fallasa wani abu. Ƙalilan ne suka tsaya auna hujjojin kotun. Mafi yawa sun fara duba sunan wanda ya kashe da sunan wanda aka kashe, sannan suka yanke ko jarumi ne ko mai kisan kai. Da za a sauya sunayen biyu, da yawa daga masu yabo da masu zagi da sun yi musayar wuri ba tare da jin kunya ba.

Wannan ita ce cutar da ta fi yi wa Jos illa tun rikicin Satumban 2001, wanda na 2008 da na 2010 suka biyo bayansa. Kowane ɓangare yana ba da labarinsa a matsayin wanda aka zalunta ya gaji ya tashi, kuma kowane yana da kaburburan da zai nuna. Amma matafiyan da aka kashe a hanyar Rukuba ranar 14 ga Agustan 2021, suna dawowa daga taron zikiri a Bauchi, ba su taɓa cin zalin kowa a Jos ba. Haka mutanen Yelwa Zangam da aka kashe kwana goma bayan nan, haka mazauna ƙauyukan Bokkos da Barkin Ladi da aka far wa a jajibirin Kirsimetin 2023. Hausawa na cewa ramuwar gayya ta fi gayya zafi, sai dai a nan zafin ba ya sauka a kan wanda ya yi gayyar. Al'ummar da ke tsawata wa mutum ɗaya da ya kai sunan ɗan daba gaban hukuma, ita ce kuma ke nema wa gungun da ya huce a kan baƙo uzuri. Na farkon ya fuskanci wanda ya cuce shi, ya yi hakan da sunansa, ya kuma bi doka; duk da haka shi ne ke kwana shi kaɗai.

Ma'aikacin gwamnatin tarayya ba ya buƙatar zuwa Gangare kafin ya gane wannan yanayi. Ƙa'idojin aikin gwamnati sun ba ƙaramin ma'aikaci damar rubuta koke, amma takardar tana bi ne ta hannun na gaba da shi, wanda wani lokaci shi ne ake ƙara. Tsarin kwarmata bayanai da Ma'aikatar Kuɗi ta ƙaddamar a Disamban 2016, zamanin minista Kemi Adeosun, ya zo da alkawarin lada, amma bai zo da dokar majalisa da za ta kare mai kwarmaton ba. Lokacin da Majalisar Dattawa ta dakatar da Sanata Natasha Akpoti-Uduaghan na wata shida a Maris 2025, majalisar ta ce saɓa ƙa'idojin zaure ne dalili, ita kuma ta danganta matakin da zargin da ta yi wa Shugaban Majalisar Godswill Akpabio, zargin da ya musanta. Ko wace ce gaskiyar, hadiman da ke kallo sun lura cewa muhawarar ta fi karkata ga halinta da salon maganarta fiye da abin da ta faɗa.

Filato ba ta rasa dokoki ba. Tana cikin jihohin farko da suka amince da dokar kare haƙƙin yara, tun 2005. Giɓin yana tsakanin ranar da mutum ya kai ƙara da ranar da kotu za ta zauna, watannin da mai ƙara da wanda ake ƙara ke haɗuwa a masallaci ɗaya ko coci ɗaya, a Kasuwar Terminus ko a bakin famfo. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta yarda a ɓoye sunan mai shaida a manyan laifuka kamar ta'addanci da fataucin mutane. Mai shagon da zai nuna ɗan sara-sukan da ya sare ƙanensa ba ya cikin waɗanda wannan sashe ya ambata, kuma kowa a layin ya san ƙarfe nawa yake rufe shago.