KADA KA SAYAR DA GIDANKA KAFIN KA SAN INDA ZA KA KWANA

'Yan uwa mazauna Agege, Idi-Araba, Mil 12, Obalende da sauran unguwannin Legas da kewaye.

Akwai wata matsala da take ta maimaituwa a cikin koke-koken da ake kawo wa ƙungiya, kuma na ga ya kamata mu yi maganarta a fili. Magidanci ya sayar da gidan da yake ciki, ko magada su sayar da gidan mahaifinsu a raba kuɗi, da niyyar za a kama haya na ɗan lokaci kafin a sayi wani wuri ko a yi gini. Sai ranar miƙa makulli ta zo ba a samu hayar ba. Ƙarshenta kaya suna jibge a shagon wani, uwargida da yara an tura su gida Arewa "kafin a ga abin da hali zai yi", maigida yana kwana a rumfar kasuwa, alhali ga miliyoyi a asusunsa.

Ra'ayina a kan wannan ba mai tsawo ba ne. Duk wanda zai sayar da gidan da iyalinsa suke ciki a wannan gari, to kada ya sa hannu a takardar ciniki sai ya riƙe makullin inda zai koma, ko kuma an rubuta masa wa'adin zama a cikin takardar cinikin kanta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da yake ruɗar mutanenmu shi ne zaton cewa mai kuɗi a hannu ba ya rasa gidan haya. Wanda ya shekara ashirin ko talatin a gidan kansa bai san yadda kasuwar haya ta koma ba. A yau mai gidan haya a Legas ba kuɗinka kaɗai yake dubawa ba. Zai tambaye ka aikin da kake yi, wa zai tsaya maka, mutum nawa za su zauna a gidan, matanka nawa, 'ya'yanka nawa. Ma'aikacin banki mai mata ɗaya da yaro ɗaya ya fi ɗan kasuwar shanu mai mata biyu da 'ya'ya tara saurin samun gida, ko da ɗan kasuwar ya ninka shi arziki sau goma. Mu kuma yawancinmu 'yan kasuwa ne, ba mu da takardar albashi, kuma gidajenmu cike suke da iyali da baƙi masu zuwa daga gida.

Sai kuma abin da kowa ya sani amma ba a cika son faɗa ba. Akwai masu gidajen da da zarar sun ji sunanka ko sun ga hularka sai su ce an riga an kama gidan. Ba duka ba ne, domin da yawa daga cikinmu sun zauna shekaru a gidajen Yarabawa da Inyamurai cikin mutunci, har an zama kamar dangi. Amma matsalar tana nan, kuma tana ƙara wa neman gida tsawo. Abin da wani zai samu a mako biyu, kai yana iya ɗaukarka wata uku. Idan mai sayen gidanka ya ba ka wata ɗaya ka tashi, ka ga lissafi ya riga ya ɓaci tun kafin a fara.

Ga kuma kuɗin da ke bin bayan kuɗin hayar. Bari mu ɗauki misali da gidan da ake biya naira miliyan ɗaya a shekara. A al'adar da aka saba, dillali zai karɓi la'adarsa kashi 10 cikin ɗari, lauyan mai gida ya karɓi wani kashi 10 na rubuta yarjejeniya, sannan a ce ka ajiye kuɗin ɓarna, wanda ba kowa ke sake ganinsa ba ranar tashi. Kafin nan ka biya kuɗin zuwa duba gida sau da yawa, har da gidajen da ba su dace da kai ba. Ka ɗauki motar kwasar kaya, ka yi fenti, ka gyara famfo, watakila ka tarar da tsohon bashin wuta a kan mita. Gidan miliyan ɗaya ya tashi kusan miliyan ɗaya da rabi kafin ka kwana a cikinsa. Idan iyalinka masu yawa ne har sai an kama wuri biyu, sai ka ninka.

Duk wannan daga cikin kuɗin gidan da aka sayar yake fita, kuma nan ne babban haɗarin yake. Gida yana zaune darajarsa tana hawa, kuɗi kuwa yana zaune yana narkewa. Mun ga abin da ya faru bayan cire tallafin mai da sakin farashin naira a 2023. Hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024, siminti da rodi suka yi tashin gwauron zabi. Wanda ya sayar da gida kafin wannan lokaci yana shirin yin gini "nan da shekara ɗaya", ya wayi gari kuɗin da zai kai shi rufi bai wuce linta ba. Ga haya tana cin nata duk shekara, ga 'yan uwa sun ji an sayar da gida kowa ya taso da buƙatarsa, ga abokin da ya zo da wata harka da za ta "ninka kuɗin cikin wata shida". Shekara uku sai ka ga mai gida ya zama ɗan haya na dindindin.

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da gaskiyarsu. Ba kowa ke sayar da gida don marmari ba. Wani bashi ne ya taso shi, wani rashin lafiya, wani jarinsa ne ya karye, wani kuma ya tsufa yana son komawa garinsu. Gidan gado ma haƙƙin magada ne, idan wasu sun nemi a raba ba a hana su. Haka nan gaskiya ne mai saye da kuɗi a hannu ba ya son jira, musamman masu sayen tsofaffin gidaje su rushe su gina benaye, waɗanda suka sa ido a kan unguwanni irin su Agege. Idan ka ce sai ka samu haya, yana iya tafiya wani wuri.

Amsata ita ce, mai sayen da ya ƙi ba ka wata uku ko shida ka nemi matsuguni, ya nuna maka irin rikicin da za ku yi da shi gobe. Kuma ko da za a rage maka wani abu a farashi saboda wa'adin, ragin bai kai asarar da za ka yi ba idan ka fita a gigice. Mai gaggawa shi ne abincin 'yan damfara. Mun sha jin labarin gida ɗaya da aka karɓi kuɗin mutane da yawa a kansa, dillalin ya kashe waya ya ɓace. Wanda aka ba kwana goma ya kwashe kayansa ba shi da lokacin bincike, duk wanda ya nuna masa makulli zai tura masa kuɗi.

Don haka wa'adin zaman nan a rubuta shi, da ranar farawa da ranar ƙarewa, lauyanka ya duba, shaidu su sa hannu. "Haba Alhaji, ai mun zama ɗaya, ka zauna har ka samu wuri" magana ce mai daɗi, amma ba ta hana a turo leburori su fara cire kwano. Daga ranar da ka karɓi kuɗi ka sa hannu, gidan ba naka ba ne, ko da kai ka aza tubalinsa na farko.

Game da gidan gado kuwa, a ji tsoron Allah a kan mata da ƙananan yara. Matar mamaci tana da takaba ta wata huɗu da kwana goma, kuma a gidan mijinta ake so ta yi. Bayan haka rabonta tumuni ne idan akwai 'ya'ya, idan matan sun fi ɗaya su raba tumunin a tsakaninsu. A lissafa a gani, wannan kason zai biya mata haya shekara nawa a Legas? Manyan 'ya'ya maza da suke da gidajensu su ne suka fi matsawa a sayar, waɗanda za su rasa wurin kwana kuwa ba a cika jin muryarsu a zaman rabo ba. Kafin a kira mai saye, a fara zama a kan inda marayu da iyayensu mata za su koma. Idan akwai mai hali a cikin magada, a yi wa gidan kuɗi ya biya sauran, gidan ya tsaya a hannun zuri'a.

Idan an zo kama hayar, ya kamata mu san abin da doka ta ce, domin rashin sani yana sa a yi mana kwasar karan mahaukaciya. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta hana mai gida ya nemi fiye da kuɗin shekara ɗaya a hannun sabon ɗan haya, kuma ta hana ɗan hayar ma ya biya fiye da haka. Dokar ta ware Apapa, Ikoyi, Victoria Island da Ikeja GRA, amma unguwannin da akasarinmu muke ciki tana aiki a kansu. Na san a aikace ana neman shekara biyu, mutane kuma suna biya don sun matsu. Wanda ya sayar da gida ma har shi yake tayi, don ya burge mai gida. Wannan ɗaure kuɗinka ne a gidan da ba ka san halinsa ba, ba ka ga yadda yake da damina ba. Dokar ta kuma wajabta a ba ka rasit. Ta ce mai biyan shekara-shekara notis ɗin wata shida ake ba shi, mai biyan wata-wata kuma wata ɗaya, sai dai idan yarjejeniyarku ta faɗi wani abu daban. A lura da wannan togaciyar da kyau. Idan takardar da ka sa wa hannu ta ce hayar shekara ɗaya ce tak daga rana kaza zuwa rana kaza, to tana ƙarewa ba sai an ba ka wata shida ba, sanarwar kwana bakwai ce kawai kafin a tafi kotu. Saboda haka kada ka sa hannu a abin da ba a karanta maka ba. Wanda kuma ya koma Sango Ota, Ifo, Mowe ko Ibafo don neman sauƙi, ya sani ya shiga Jihar Ogun, dokar Legas ba ta bi shi can ba.

Kada ka biya kuɗi sai ka ga mai gidan ido da ido, ko lauyansa da takardar wakilci. Ka tambayi maƙwabta da masu shagunan layin wane ne mai gidan. Jihar Legas tana da hukumar LASRERA mai rajistar dillalan gidaje, ka tambayi dillali ko yana da rajista. Ka tura kuɗi ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mai gidan, kada ka miƙa a leda. Ka faɗi gaskiyar yawan iyalinka tun farko, domin wanda ya ce su huɗu ne aka wayi gari su goma sha biyu, ya ɓata wa kansa ya ɓata wa Bahaushen da zai zo neman gidan bayansa. Kuɗin gidan da aka sayar kuma a raba shi tun ranar farko: na haya daban, na sayen sabon wuri a wani asusu daban da ba a taɓawa. Masu gudun kuɗin ruwa, akwai bankunan da ba sa mu'amala da shi.

Mu ma a ƙungiyance akwai aikin da ya rataya a wuyanmu. Abin da mai gidan haya yake tsoro shi ne baƙon da bai san asalinsa ba, wanda idan rigima ta taso ba shi da wanda zai kai wa ƙara. Wannan kuwa muna da maganinsa. Ina ba da shawara a zama na gaba mu tattauna abu uku. Na farko, a buɗe littafi na 'yan uwa masu gidajen haya da masu gidajen da muka yi zaman lafiya da su, duk wanda ɗakinsa zai fita ya sanar da ƙungiya kafin ya kai wa dillali. Na biyu, ƙungiya ta riƙa ba ɗanta da aka san halinsa takardar shaida mai hatimi, tare da sa hannun shugaba ko na fadar Sarkin Hausawan yankinsa, ya nuna wa mai gida. Na uku, a samu dattawa biyu ko uku da lauya ɗaya da za a riƙa tuntuɓa kafin a sayar da gida, musamman na gado. Ba don a hana kowa ikon dukiyarsa ba, sai don a yi masa tambayar da mai saye da dillali ba za su taɓa yi masa ba: ina za ka kai iyalinka?

Iyayenmu da suka zo garin nan da fataucin goro da shanu sun sha wuya kafin su mallaki waɗannan filaye, kuma gidajen nan su ne suka riƙe unguwanninmu, da masallatanmu da makarantun allo da Islamiyyu. Duk gidan da ya fita daga hannunmu da wuya ya dawo a farashin yau. Wanda larura ta sa dole ya sayar, Allah ya musanya masa da mafi alheri, amma ya yi shi da shiri, ya nemi shawara tun magana tana cikin gida.

Masu gidajen haya a cikinmu da waɗanda suka taɓa shiga wannan hali, muna son jin ta bakinku kafin ranar taro. Allah ya rufa mana asiri, ya ba marasa muhalli nasu, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.

Sakataren Ƙungiya