A nuna mana inda maganar take

Makon jiya na zauna a ɗakin karatu ina neman tsofaffin furojet da suka taɓo busar da tumatir da hasken rana. Na rubuta jimlar a akwatin bincike, sai ga sakamako tuli, amma take da sunan marubuci kawai. To a ina maganar take a ciki? Oho. Sai da na sauke fayil 7, data tana ta zurarewa, kafin na gane cewa a yawancinsu "tumatir" yana shafi na 3, "hasken rana" kuma yana can wajen shafi na 40, babu abin da ya haɗa su.

Ni a ganina duk manhajar binciken da ba ta nuna maka wurin da ta ga abin da ka nema, rabin aiki ta yi. Dubi Google: ƙarƙashin kowane sakamako akwai layi biyu da aka tsamo daga cikin rubutun, kalmominka an yi musu kauri. Kallo ɗaya za ka san ko ka buɗe ko ka wuce. Kuma dabarar ba sabuwa ba ce. Tun ƙarshen shekarun 1950 Hans Peter Luhn na kamfanin IBM ya fito da tsarin nuna kalma tare da maƙwabtanta na hagu da dama.

Wani zai ce, "Kai dai malalaci ne, buɗe ka karanta mana." Wallahi ba lalaci ba ne. Wanda malaminsa ke jiran babi na biyu ranar Litinin, ga caji saura kaɗan, ba shi da lokacin caca.

Amma a yi shi da kyau. Jimlar za a haskaka a haɗe, ba a bi kowace "da" da "a" ana shafa musu rawaya ba, shafi ya koma kamar atamfa. Sannan wanda ya rubuta "kasa" saboda wayarsa ba ta da ƙ, a nuna masa "ƙasa" ma.

'Yan uwana na sashen kwamfuta, kun fi ni sanin cewa PostgreSQL tana da ts_headline, SQLite kuma tana da snippet, duk kyauta. Maimakon a sake yi mana wata manhajar rajistar ɗalibai a bana, don Allah wani ya ɗauki wannan a matsayin furojet ɗinsa, ƙungiya kuma ta kai maganar gaban hukumar ɗakin karatu.