Wadda aka saka, ina za ta kwana?

Duk mai son nuna lalacewar auren Nasara ba zai rasa hujja a tarihin Reno ba, wani gari na jahar Nebada a Amurka. A shekarar 1931, lokacin da fatara ta kama ƙasar, majalisar jahar ta yi doka cewa wanda ya zauna mako shida a cikinta yana iya neman raba aure a kotunanta. A Niyok kuwa, a wannan zamani, ba a raba aure sai an tabbatar da zina. Sai mata suka riƙa shiga jirgin ƙasa suna kwarara Reno. Masu garken shanu da dawaki na kewayen garin suka mayar da gidajen gonarsu masauki: ga ɗaki, ga abinci, ga hawan doki, ga kuma mai shaidar da zai rantse gaban alƙali cewa ya ga baƙuwar kullum har kwana 42. Masaukin na masu hali ne. Talaka sai ta kama aikatau cikin gari kafin kwanakinta su cika. Sana'ar ta durƙushe bayan da Kalifoniya ta sassauta dokarta a 1969, sauran jahohi suka bi sahu.

Mayar da saki haja abin ƙyama ne, babu ja. Amma kafin mutumin Matamaye ya yi dariya, ya kamata ya lura cewa waɗancan ƴan kasuwa sun amsa tambayar da garinsa ya daɗe yana kauce mata: ina mace za ta zauna tsakanin aure da rabuwa?

A ƙasar Hausa namiji ba ya bukatar mako shida. Kalma ɗaya ta ishe shi. Macen da zama ya gagare ta kuwa sai ta yi yaji, ta kai kuka gun mai gari, ko fadar sarkin Kance, ko gidan shari'a, kuma sau da yawa sai ta mayar da sadaki kafin ta sami kanta. Wadda aka saka, ranar ake ɗaure mata kayanta, alhali aya ta farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana fitar da ita daga ɗakinta kafin idda ta cika, mazhabar Malikiyya kuma ta ɗora wa miji masaukinta. Wannan hukunci ba daga Faransa ya zo ba, amma shi ne aka fi takewa.

Mai iyaye da hatsi a rumbu ta koma gida. Marar su fa? Barbara Cooper, a littafinta na 1997 kan aure a Maraɗi, ta yi bayanin gidajen mata da zawarawa ke faɗawa, inda ake kiran su karuwai. A watan Nuwamban 2000, lokacin boren ƙin bikin tufafi na FIMA, irin waɗannan gidaje aka afka wa a Maraɗi. Ba ƙofar mazan da suka kore su aka nufa ba.

Yunƙurin kafa kundin dokar iyali a Nijar ya ci tura a shekarun 1990, ya sake cin tura a 2011. To, wannan gyara ba ya jiran majalisa. Sarakuna da limamai suna iya ƙin sa hannu a takardar saki sai miji ya nuna ɗakin da matar za ta yi idda, da abin da shari'a ta wajabta masa na ciyarwa. Malaman lakwal su ne shaidu mafi kusa, domin su ke kiran suna da safe su ji shiru, yaro ya bi uwarsa wani ƙauye a tsakiyar shekara. Ya kamata ƙungiyoyinsu su kai waɗannan sunaye fada, su tambaya ina aka kwantar da uwayen.