“Umma, wa ya ƙirƙiro baka?”



Ranar Asabar ɗin da ta wuce na dawo daga aikin dare, ko takalmi ban cire ba, sai ga wani abu ya gifta ta gefen kunnen 'yar autata ya je ya cake a ƙofar kicin. Sillen kara ne, an ɗaura masa ƙusa a baki. Mai harbin kuwa ɗan farina ne, wanda kin san ba zan kama sunansa ba, shekararsa 11. Yana tsaye riƙe da reshen darbejiya da ya lanƙwasa ya ɗaure da igiyar shanyata. Na sha ganin yaran da aka kawo mana asibiti da tsinke ko waya a ido, kuma ba duka ne idon ya tsira ba. Don haka ban tsaya wata magana ba, na ƙwace bakan na jefa saman sif, na yi faɗan da har maƙwabciyata ta leƙo.

Da yamma, bayan ya gama kumburinsa, ya zo ya zauna kusa da ni. Ba haƙuri ya zo bayarwa ba. Cewa ya yi, “Umma, wa ya ƙirƙiro baka? Kuma me ya sa nawa yake saki idan ya kwana biyu?” Na ce masa ban da lokacin shirme. Amma tambayar ta bi ni har wurin aiki, kuma ita ce ta jawo rubutun wannan makon.

Ta farkon amsarta gajera ce. Babu mai sunan. Baka ya girmi rubutu, ya girmi kowace masarauta da muka sani. Maharbanmu na ƙasar Hausa sun gaji kwari da baka, da tsirkiya, da kibiyar kyauro daga iyaye da kakanni, haka ma mutanen wasu nahiyoyin. Turkawa da Mongol sun yi ɗaruruwan shekaru suna haɗa itace da ƙaho da jijiyar dabba su yi gajeren baka mai ƙarfin gaske, wanda bakinsa biyu suka lanƙwashe zuwa gaba. Babu ɗayansu da ya je wani ofis ya ce nawa ne.

Ta biyun ce ta fi ban sha'awa, domin abin da ya dami yarona shi ne ya dami wasu manya a Amurka, kuma su har takarda suka samu a kai. Takardar mallakar ƙirƙira nake nufi. Yarjejeniya ce tsakanin mai ƙirƙira da hukuma. Shi zai zana abin da ya yi, ya bayyana sirrinsa dalla-dalla yadda kowa zai iya karantawa. Ita kuma hukuma za ta hana wasu ƙera abin su sayar ba da izininsa ba, na wasu shekaru ƙayyadaddu. Wa'adin na cika, abin ya zama na kowa. Ke ma kina cin moriyar wannan tsari ko ba ki sani ba. Duk lokacin da mai kemis ya ce miki ga na kamfanin asali, ga kuma mai sauƙin kuɗi amma sinadarin ɗaya ne, galibi wa'adin takardar maganin ne ya ƙare, wasu kamfanoni suka samu damar yin sa.

Labarin bakan zamani a Amurka, abin mamaki, yana da alaƙa da asibiti. A 1911 wani mutum ya fito daga daji kusa da garin Orobil a jihar Kalifoniya, a rame, shi kaɗai ya rage a ƙabilarsa ta Yahi. Bai taɓa faɗin sunansa na gaskiya ba, sai aka riƙa kiransa Ishi, wato “mutum” a harshensu. Likitan da ke duba shi a San Faransisko, Saxton Pope, ya zama abokinsa, kuma a wurinsa ya koyi sassaƙa baka da kibiya da yadda ake farauta da su. Tarin fuka ya kashe Ishi a 1916. Pope ya ci gaba da abin tare da wani abokinsa, Art Young, wanda daga baya aka ɗauki fim ɗin farautarsa a Alaska. A 1927 wani matashi mai aikin sassaƙa samfurin kayan mota a birnin Ditroit ya shiga sinima ya kalli fim ɗin, ya fito da zazzaɓin baka. Sunansa Fred Bear.

Ki lura da wannan silsila. Ilimin ya faro daga hannun Ishi, amma cikin takardun mallakar da suka biyo baya babu wadda ke ɗauke da sunansa. Wannan abu ya tsaya mini a rai. Tsarin ba ya saka wa wanda ya riƙe ilimin gado, sai wanda ya ƙara wani sabon abu, ya kuma rubuta.

Bear ya buɗe ɗan kamfaninsa a 1933, ya mayar da shi garin Grayling a jihar Mishigan a 1947. Matsalar da ke gabansa ita ce ta yarona. Bakan itace zalla yana buƙatar itace na musamman da aka bari ya bushe tsawon lokaci, ga shi yana jin zafi da laima, yana saki idan ya daɗe a ɗaure, wata rana kuma ya karye a hannun mai shi. Gwani ɗaya baka kaɗan yake iya sassaƙawa. Bear kuwa so yake ya yi dubbai, kowanne daidai da ɗan uwansa.

A 1949 ya gwada liƙa fallen alminiyom a cikin itacen. Bakan ya yi saurin harbi, amma ƙarfen da itacen suka ƙi zama lafiya, bakunan suka riƙa ɓarewa suna karyewa. Kamfanin ya musanya wa mutane da sababbi, asarar ta girgiza shi, aka kuma bar alminiyom cikin ɗan lokaci. A ganina wannan ne wuri mafi daraja a tarihin mutumin, ya fi duk hotunansa da namun daji. Abin da ya yi nasara a ƙarshe shi ne zaren gilashi. Ana shimfiɗa zarurrukan su miƙe tare da tsawon bakan, a haɗa su da gam mai ƙarfi, a liƙa su gaba da bayan siraran fallayen itace. Sai aka samu baka mai lanƙwasasshen baki irin na Turkawan da, wanda bai cika damuwa da damina ko rani ba, kuma ana iya yin sa da yawa a masana'anta. Siffar tsohuwa ce. Yadda aka gina ta ne sabo, kuma a kan wannan aka ba shi takarda. Ya samu wasu takardun a kan kwarin da ake maƙalawa a jikin baka, da bakan da ake kwancewa gida uku a sa a jaka ba tare da an nemi sukuddireba ba.

Ga wani abu da ya ba ni dariya. A jikin tsofaffin bakunan Bear akwai tambari mai ɗauke da sunan Kanada da shekarar 1953. Har yau mutane a can kan ciro bakan kakansu daga ɗakin ajiya, su ga 1953, su ɗauka shekarar da aka ƙera shi ke nan, su tsawwala masa kuɗi. Alhali shekarar takardar mallaka ce, kuma kamfanin ya ci gaba da buga ta a jikin bakunansa har wajen 1972. Na tuna iyaye matan da ke miƙo mini kwalbar maganin yaro suna nuna ranar da aka yi shi a matsayin ranar lalacewarsa, ko akasin haka. Idan kin ɗauki magani, ki duba da kyau wane kwanan wata kike karantawa. Kin ga na saki hanya, bari in dawo.

Duk gyaran da Bear ya yi, akwai wahala ɗaya da ta rage tun zamanin kakanni. Gwargwadon yadda kika ja tsirkiya, gwargwadon yadda take ƙara tauri. Wato a daidai lokacin da maharbi ke buƙatar hannunsa ya tsaya cik don ya saita, a lokacin ne kafaɗarsa ta fi shan nauyi, hannun ya kama rawa. Dubban shekaru an ɗauki wannan a matsayin halin baka, ba abin da za a gyara ba.

Wani mutum a jihar Mizuri, Holless Wilbur Allen, bai yarda ba. Ya ɗauki bakan da aka saya da kuɗi, ya sa zarto ya yanke bakinsa biyu, ya ɗaura ƙananan tayoyi masu kwarmi waɗanda igiya ke bi ta kansu, irin waɗanda muke rataya nauyi a kai a ɗakin masu karaya don a ja ƙafar majiyyaci. Ki yi tunanin abin da za ki ce da ɗanki ne ya yi wa kayan kuɗi wannan aika-aika. Bayan gwaje-gwaje ya gano dabarar, wato kada ƙusar da tayar ke juyawa a kai ta zauna a tsakiya, a matsar da ita gefe. Da haka taurin yakan kai ƙarshensa tun ana tsakiyar ja, sannan tayar ta kife, nauyin ya ragu. Maharbi sai ya riƙe cikin sauƙi, ya saita a natse, kibiyar kuma ta fita da gudu. Na zamani sukan sauke wa mai riƙo kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na nauyin, wasu ma fiye.

Allen ya shigar da takardarsa ranar 23 ga Yuni 1966, aka amince masa a Disamba 1969, mai lamba 3,486,495. Da farko manyan masu ƙera baka ba su kula shi ba. Tom Jennings na Kalifoniya ne ya fara karɓar izini ya shiga ƙerawa. Cikin shekaru kaɗan bakan mai taya ya mamaye kasuwar mafarautan Amurka, sai kuma rigimar kuɗi ta taso. Kamfanin Allen ya yi ta shari'a da masu ƙera bakan, har da shi Jennings ɗin. Allen ya rasu a 1979, ana tsakiyar cinikin abin da ya ƙirƙiro. A wancan zamanin wa'adin takarda a Amurka shekara 17 ne daga ranar amincewa, don haka a 1986 dabarar ta zama ta kowa. A nan Najeriya dokar 1970 ce ke kula da irin wannan rajista, wa'adinta shekara 20.

Da na gama karance-karancena na zauna da babansu. Shi ra'ayinsa a karya bakan a huta. Ni ma da farko haka na so, kuma ba zan ga laifin uwar da ta zaɓi hakan ba, don ido ba ya da na canji. Amma na san halin ɗana. Idan na karya wannan, zai yi wani a bayan gida inda ba mai ganinsa, kuma da ƙusar. Sai muka yi sharaɗi. Babu ƙusa, babu waya, babu wani abu mai tsini a bakin kibiya. Ba a ɗaga baka idan akwai mutum ko dabba a gaba. Harbi sai babansa yana nan, a jikin buhun da muka cika da ƙaiƙayi muka jingina da katanga, ƙannensa kuma suna ɗaki. Ya karya ɗaya, bakan ya tafi murhu.

Tunda maganar ido ta zo, ki riƙe wannan, Allah ya kiyaye. Idan wani abu ya cake a idon yaro, kada ki cire shi, kada ki bari ya murza, kada ki ɗiga ruwan nono ko tozali ko wani maganin da ke gida. Ki kife ɗan kofi mai tsabta a kan idon yadda ba zai taɓa abin ba, ki ɗaure a hankali, ku nufi asibiti nan take.

Na kuma saya masa littafi mai fallaye 40, na ce duk abin da ya sauya a jikin bakan ya zana shi, ya rubuta kwanan wata da abin da ya faru. Shafin farko ya rubuta cewa darbejiya tana saki idan aka bar ta a ɗaure, don haka yanzu yana kwance igiyar kullum da daddare. Shafi na biyu zanen taya ne guda biyu. Jiya na tarar da keken wasan 'yar autata a bayan randa, babu tayoyin baya.